Gem ɗin motsa wuya a waya ko takardar fiziyo da gurup ɗin abokai, wanne zai riƙe ka?

Yanzu idan ka shiga Play Store ka nemi wani abu a kan ciwon wuya manhajoji za su zubo maka har ka rasa ta ɗauka, wasu bidiyo ne kawai, wasu kuma an mayar da su gem gaba ɗaya, kana motsa wuya kana cin maki kana hawa mataki, idan ka tsallake rana ɗaya a share maka jerin kwanakin da ka tara. Ɗalibai da masu POS da teloli da masu wuni a gaban kwamfuta su ne suka fi kukan wuya ya riƙe, kuma su ne dai masu tambayar ko wannan gem ɗin yana da amfani ko kuwa cin data ne kawai. Ni a ganina kafin mutum ya sauke komai ya kamata ya fara gane mene ne ainihin abin da yake ba shi matsala, rashin sanin atisayen ne, ko mantuwa, ko kasala, ko kuma shi irin mutanen nan ne da ba sa iya ɗorewa a kan abu sai da ido a kansu. Kowace hanya da zan kawo ɗaya take magancewa a cikin waɗannan, babu wadda ta haɗa duka.

Matsalar ba ƙarama ba ce fa, ƙididdigar cututtuka ta duniya ta nuna mutum kusan miliyan 203 ne suke fama da ciwon wuya a shekarar 2020. Amma akwai wani lissafi da ake yawan tsorata mutane da shi wanda ya kamata a san asalinsa. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, shi ya fitar da shi a 2014, cewa kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka idan yana tsaye daidai, idan ka sunkuyar da shi digiri 30 nauyin da wuya ke ɗauka ya kai wajen kilo 18, idan ya kai digiri 60 kuma kusan kilo 27. Lissafin kwamfuta ne wannan, ba wai an bi mutane an ga wa ya kamu wa bai kamu ba. Da wasu masu bincike a Brazil suka duba matasa 150 'yan shekara 18 zuwa 21, a binciken da aka buga a 2018, ba su samu wata alaƙa tsakanin yadda mutum yake sunkuyar da kai a kan waya da ciwon wuya ba. Ba ina cewa ka je ka wuni a dunƙule ba ne, a'a, zaman awa uku a yanayi ɗaya zai gajiyar da kowa. Abin da nake nufi shi ne manhajar da aikinta kawai ta riƙa tsawata maka cewa ɗaga kanka, ba a kan ƙasa mai ƙwari ta tsaya ba.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ƙarfafa naman wuya da kafaɗa. A Finland an yi gwaji da mata 180 ma'aikatan ofis masu tsohon ciwon wuya, aka buga sakamakon a 2003, waɗanda suka yi shekara guda suna atisayen ƙarfi ko na juriya ciwonsu ya ragu sosai fiye da waɗanda aka bari da miƙa kawai da shawarar motsa jiki. A Denmark kuma, a gwajin da aka buga sakamakonsa a 2011, an ɗauki ma'aikata 198, aka ba wasu roba mai talewa suna ɗaga hannuwa gefe da ita na minti 2 kacal a rana, wasu minti 12, kwana biyar a mako har mako 10, kuma duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, na minti 2 ɗin ma bai yi nisa da na minti 12 ba. To wannan ne ma'aunin da zan auna kowace hanya da shi. Shin tana sa ka yi abin da zai sa tsoka ta yi aiki? Kuma za ta riƙe ka har mako goma ko fiye?

Bari in fara da wadda ta fi ɗaukar ido, wato gem ɗin da kanka ne rimot. Kyamarar gaba tana kallon fuskarka, ka karkata dama ɗan jirgi ko mota ta yi dama, ka ɗaga haɓa ta yi sama, kana kauce wa shinge kana kwasar maki. Wasu kuma ba kyamara suke amfani da ita ba, na'urar jin motsi da ke cikin iyafis ce, kamar AirPods Pro na Apple, akwai ma wata manhaja Posture Pal da take amfani da su ta gane lokacin da kanka ya sunkuya ta ankarar da kai. Gaskiya irin wannan akwai daɗi, wanda ko sau ɗaya bai taɓa yarda ya yi atisaye ba zai iya yin minti goma yana juya wuya bai sani ba, kuma ga wanda ciwo ya sa yake tsoron juya kai kwata-kwata, gem yana ɗauke hankalinsa daga tsoron har ya ga ashe wuyan yana juyuwa. Wannan amfani ne na gaske ba zan raina shi ba.

Amma matsalolinta a wajenmu suna da yawa. Ta farko, mafi yawan matasanmu Tecno da Infinix da itel da Redmi suke riƙewa, wanda duk aka gina a kan AirPods da iPhone ya riga ya fitar da su daga layi, kuma iyafis ɗin dubu biyar da za ka saya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano mai kama da na Apple a ido ba shi da wannan na'urar a ciki komai kyan kwalinsa. Na kyamara kuma yana cin caji yana sa waya zafi, yana son haske sosai, a ɗakin hostel da daddare an ɗauke wuta fuskarka ma ba zai gani ba balle ya bi motsinta. Sannan dole ka jingina wayar daidai tsayin idonka, in ba haka ba ka riƙe ta a hannu kana kallon ƙasa kana atisayen wuya, ka ga an koma gidan jiya.

Babbar damuwata da ita ba ma wannan ba ce. Gem yana ba da maki ne a kan abin da yake iya gani, kuma abin da kyamara ke gani shi ne saurin juyawa da nisan juyawa. Ba ta ganin ƙarfin da ka sa. Atisayen da masu fiziyo, wato ma'aikatan asibiti masu gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, suka fi bayarwa, irin wanda za ka ja haɓarka baya a hankali kamar kana son fito da haɓa biyu ka riƙe na daƙiƙa 5 ka saki, ko ka ɗora tafin hannu a goshi ka tura kai gaba hannun yana tarewa ba tare da kan ya motsa ba, ko ka haɗe allunan kafaɗarka ta baya, duk waɗannan kusan babu wani motsi da za a gani a cikinsu, don haka da wuya su zama gem mai daɗi. Abin da yake zama gem mai daɗi shi ne fizge kai da sauri don kar ka ci karo, kuma matashi idan ya ga saura maki kaɗan ya wuce abokinsa wallahi ba zai tsaya sauraron wuyansa ba, zai fizga ne kawai. Mai wuya lafiyayye zai iya sha, amma wanda dama ciwon ya taso masa zai iya kwana da jiri ko ciwon ya ƙaru. Idan za ka zaɓi irin wannan, nemi wanda yake ba da maki a kan tafiya a hankali da tsayawa daidai a kan layi, wanda za ka iya rage nisan juyawar da kanka, kuma wanda yake tsayar da kai bayan 'yan mintuna.

Ga 'yan'uwa mata akwai ƙarin magana. Atisayen nan a ɗaki ake yi, yawanci an cire hijabi da ɗankwali, kyamara kuma a buɗe take tana kallo. Kafin ki ba kowace manhaja izinin kyamara ki duba ko tana aiki idan an kashe data, ki karanta sashen tsaron bayanai da ke shafinta a Play Store ki ga ko tana tura hoto ko bidiyo waje. Idan ba ta bayyana komai ba ki bar ta, ba a rasa wata hanyar ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda gem ɗin daban atisayen daban. Kai za ka yi atisayenka yadda aka koya maka, sai ka shiga manhajar ka danna cewa ka yi, ita kuma ta ba ka lada. Habitica ita ce sananniya a nan, kyauta ce a Android da iPhone, za ka ƙirƙiri ɗan jaruminka, duk aikin da ka cika ya samu zinare da ƙarfi, wanda ka tsallake ya rage masa lafiya, idan kuma kun haɗa ƙungiya kuna yaƙar dodo to sakacinka har abokanka yake shafa, su ma lafiyarsu ta ragu. Akwai kuma Loop Habit Tracker a Android wadda ba ta da talla ba ta buƙatar intanet, ba ta da jarumi ko dodo, maki ne kawai da jadawali, kuma abin da ya burge ni da ita shi ne tsallake kwana ɗaya ko biyu ba ya rushe makin da ka tara gaba ɗaya, raguwa kaɗan yake yi.

Wannan hanyar ta fi ta farko ta fuskar cewa kai ne ka zaɓi atisayen, don haka za ka iya sa na ƙarfin da aka san yana aiki, kowace waya tana ɗauka, ba ruwanta da haske ko kyamara. Rauninta a fili yake, ba ta san ko ka yi ba, za ka iya dannawa kana kwance, kuma duk wanda ya taɓa riƙe jerin kwanaki a Duolingo ko Snapchat ya san yadda abin yake juyewa, tun kana yi don amfanin har ka koma kana yi don kar lambar ta faɗi, ranar da ta faɗi kuma, ko don wayar ta mutu ko don tafiya ta kama ka, sai zuciya ta karye ka watsar da komai. Habitica kuma da Turanci take kuma tana da tarkace da yawa, wanda bai saba da irin waɗannan gem ɗin ba zai iya ɓata mako guda yana koyon manhajar bai fara taɓa wuyansa ba.

Sannan akwai maganar ɗoki, wadda ta shafi duka hanyoyin biyu. Lokacin da Pokémon Go, gem ɗin waya mai sa mutum ya fita ya yi tafiya, ya fito a watan Yulin 2016 duniya ta ɗauka an samo maganin zaman banza, masu bincike a Harvard suka bi sawun matasa 'yan shekara 18 zuwa 35 a Amurka, a makon farko masu buga gem ɗin sun ƙara taku 955 a rana, amma zuwa mako na shida ƙarin ya ɓace sun koma yadda suke. Gem ne fa da aka kashe maƙudan kuɗi wajen haɗa shi, ba ɗan ƙaramin gem ɗin wuya da mutum biyu suka haɗa ba. Tafiya aka auna a can ba wuya ba, amma halin ɗan Adam ɗaya ne. Ka tuna gwajin Denmark mako 10 ne, na Finland shekara guda, wato ɗokin yana ƙarewa tun kafin a kai inda ake fara cin riba.

Manhajojin bidiyo da YouTube ba zan daɗe a kansu ba. Suna da kyau wajen koyon yadda ake yin abu, musamman tashoshin da masu fiziyo na gaske suke gudanarwa irin su Bob & Brad ko AskDoctorJo, ka sauke bidiyo ɗaya ko biyu lokacin da kake da data ka ajiye shi ke nan. Amma kar ka mai da shiga YouTube kullum ya zama sharaɗin atisayenka, tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ya san yadda sabskirishin yake ƙarewa, kuma ka shiga neman bidiyon minti biyar ka fito bayan awa ɗaya wuya ya ƙara riƙewa. Masu cewa gwajin kwana bakwai kyauta kuma su nemi lambar katinka, ka kula, kuɗi suke cira idan ka manta ba ka soke ba.

Sai hanya ta ƙarshe, wadda ba ta da ƙyalli ko kaɗan. Ka je wajen likitan fiziyo sau ɗaya ko biyu, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala da na Shika a Zariya da sauran asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha, ya duba ka ya taɓa wuyan ya ga inda yake riƙewa, ya rubuta maka atisaye uku ko huɗu, ya tsaya ka yi a gabansa ya gyara maka. Wannan gyaran shi ne abin da babu manhajar da za ta ba ka, domin mutane da yawa idan aka ce su ja haɓa baya sunkuyar da kai suke yi, ko su ɗage kafaɗa sama su ƙara ɗaure inda ake son a sassauta, kuma za su iya yin wata guda a haka suna cin maki. Kuɗin kati da na mota da bin layi suna nan ba musu, wanda yake ƙauye kuma sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga fiziyo. Takardar kuma ita kaɗai ba ta da bakin tuna maka, yawanci bayan mako biyu tana cikin aljihun jaka ta yamutse.

Shi ya sa ni nake haɗa ta da gurup ɗin WhatsApp, amma ƙarami, mutum huɗu zuwa shida waɗanda suka san juna kuma suke jin kunyar juna. Kowa ya gama nasa ya turo alama, ranar Juma'a a ƙirga, wanda ya zo ƙarshe ya saya wa na ɗaya katin ɗari biyu ko ya biya kuɗin shayi. Wannan ma ai gem ne, kawai dai mutane ne suke riƙe da makin ba kwamfuta ba, kuma yana tafiya ne kamar adashi, ba ƙa'idar ce take sa ka zubi ba, idon waɗanda za ku haɗu gobe ne. Akwai gwajin da ya goyi bayan haka, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, a Amurka an raba mutum 602 gida-gida don a ƙara musu yawan tafiya, wasu an ba su mai ƙarfafa musu gwiwa, wasu suna haɗa maki a ƙungiya, wasu kuma gasa suke da juna. Duk sun ƙaru a makonni 24 na gwajin, masu gasar sun fi kowa da ƙarin taku 920 a rana, kuma bayan an cire gem ɗin aka ci gaba da bibiya na mako 12 su kaɗai ne ƙarinsu ya tsaya a fili. Gurup ma yana mutuwa fa, idan ya yi yawa sai ya koma wajen tura bidiyon barkwanci da gardamar ƙwallo, idan kuma aka fara yi wa na baya dariya zai fice shiru. Sai an samu mutum ɗaya mai tsayawa a kan ƙirgar.

Ko wacce ka ɗauka, maganar lokaci ta fi maganar manhaja muhimmanci. Notifikeshin yana zuwa ne lokacin da kake cikin lacca ko kana kan Keke Napep, ka share shi da yatsa ka manta. Mu kuwa muna da lokuta biyar da suka riga suka kafu a rana, idan ka ce bayan sallar Azahar da bayan Isha'i, ka gama azkar ɗinka ka ba wuyanka minti biyu kafin ka ɗauki waya, ba ka buƙatar wani ya buga maka ƙararrawa. Wani bincike a Landan a 2010 ya nuna sabon hali yana ɗaukar wajen kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka sosai wasu har sama da kwana 250, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Don haka manhajar da take mayar da kai sifili saboda fashin kwana ɗaya ta fi gaskiyar lamarin tsanani.

To wa zai ɗauki wacce? Idan wuyanka gajiya kawai yake yi da yamma, ba ciwo mai tsanani ba, kuma kai mutum ne da in ba wasa a abu ba za ka taɓa shi ba, fara da gem ɗin kai ɗin ba laifi, amma ka ɗauke shi a matsayin na buɗe ƙofa, tun a mako na biyu ka fara haɗawa da na ƙarfi, roba mai talewa ko gorar ruwa biyu a hannu kana ɗagawa gefe zuwa tsayin kafaɗa, don ranar da gem ɗin ya gundure ka ka samu abin da ya rage. Idan ka san atisayen mantuwa ce kawai take damunka kuma ba ka son hayaniyar mutane, Loop ta ishe ka. Idan kana da abokai masu son gem kuma Turanci ba ya ba ku wahala ku gwada ƙungiya a Habitica. Amma idan ciwon ya wuce mako shida, ko yana tafiya yana dawowa, ko yana haɗuwa da ciwon kai, ni ba zan ce ka fara da wata manhaja ba, ka je fiziyo tukuna, sannan ka kawo takardar cikin gurup. A cikin duka huɗun wannan haɗin ne nake ganin kwalliya za ta fi biyan kuɗin sabulu ga yawancin matasanmu, don shi kaɗai ne ya haɗa atisayen da ya dace da jikinka da kuma mutanen da za su tambaye ka.

Akwai kuma yanayin da babu zaɓi ko ɗaya a cikinsu, asibiti ne kai tsaye. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani ko amai ko ƙin haske, musamman lokacin zafi, mu 'yan Arewa da Nijar mun san sanƙarau, wannan ba a kwana da shi a gida. Haka idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko haɗarin mota, kar ka motsa wuyan kar ka bari wani ya ja maka shi. Idan hannu yana mutuwa ko yana rasa ƙarfi, abu yana suɓuce maka, ƙafa tana harɗewa wajen tafiya, ko ciwon yana tashinka cikin dare kana ramewa kana gumin dare, wannan na likita ne, tarin fuka ma yana kama ƙashin baya da na wuya. Idan kana cikin atisaye ko gem ka ji jiri ko gani ya rabu biyu ko magana ta sarƙe, ka tsaya nan take ka nemi likita. Kuma don Allah a daina bari mai aski yana murɗe wuya ya yi ƙara bayan ya gama aski, wasu daga cikin jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin wuyan suke bi, kuma an sha samun waɗanda suka gamu da shanyewar ɓarin jiki bayan irin wannan murɗar.